Gidajen Mr Fluffy a Kanbera: Wa Zai Biya Bayan Gida Ya Sauya Hannu?

A watan Fabrairun 2014, kwamishinan kare lafiyar ma'aikata na Kanbera, babban birnin Ostareliya, Mark McCabe, ya aika wasiƙa zuwa gidaje sama da 1,000. Saƙon ba shi da tsawo. Gidan da kuke ciki yana daga cikin waɗanda aka zuba wa asbestos, ma'adinin nan mai zare da ke jawo cutar huhu, a saman silin shekaru da dama da suka wuce; an kwashe shi a wancan lokaci, amma mai yiwuwa saura ya maƙale a cikin bango da ƙarƙashin daɓe; ku kira gwani mai lasisi ya duba, kuma kada a fasa ko a huda komai kafin nan. Da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe wasiƙar ba su suka sa aka zuba abin ba. Wasunsu ma ba a haife su ba a lokacin. Sayen gidan suka yi daga hannun wani, shi ma daga wani ya saya, ga kuma bashin banki na shekaru masu yawa a wuyansu.

Bayan fargabar cuta, sai maganar kuɗi ta taso. Wa zai biya? Wanda ya sayar mini? Dillalin da ya haɗa cinikin? Gwanin da ya duba gidan kafin in biya? Ko gwamnatin da ta ba da takarda cewa an gama aiki? A sauran wurare irin wannan rigima tsakanin mutum biyu take tsayawa, mai saye da mai sayarwa, su sasanta ko su je kotu. A Kanbera kuwa gida dubu ta faɗo wa a lokaci guda, shi ya sa ake iya bin kowace hanya a ga inda ta ɓulle.

Yadda abin ya shiga gidajen

Kanbera gari ne mai sanyi. A watannin Yuni da Yuli, lokacin hunturunsu ke nan, raɓa kan daskare a kan ciyawa kafin gari ya waye. Kowane mai gida yana neman abin da zai riƙe masa ɗumi a ɗaka. Daga 1968 zuwa 1979 wani ɗan kasuwa mai suna Dirk Jansen ya riƙa sayar da maganin wannan matsala, kuma mutanen gari suka san kamfaninsa da sunan Mr Fluffy. Aikin ba shi da wuya. Mota ta tsaya a ƙofar gida, a juye buhunan asbestos a cikin inji ya barbaza shi, a ja mesa zuwa saman rufi, a hura shi a tsakanin rufi da silin har ya kwanta lif kamar audugar rimi. Yawancinsa nau'in nan ne mai ruwan ƙasa, a wasu gidaje ƙalilan kuma shuɗi, wanda ya fi kowanne haɗari.

Akwai bambancin da idan ba a riƙe shi ba, ba za a gane lamarin ba. Asbestos ɗin da muka sani a silin da rufin tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu a ƙasashenmu, da siminti aka cuɗa shi. Muddin ba a fasa shi ba, ba a yanka ba, ba a goge ba, zarensa a ɗaure yake, kuma idan aka tashi cirewa ana iya kwance shi falle-falle. Na Mr Fluffy tsagwaronsa ne, ba abin da ya riƙe shi. Iska kaɗan ta isa ta tashe shi, zarensa kuma ido ba ya gani. Idan ya shiga huhu zai iya kwanciya shekara 20 zuwa 50 kafin ya fito a matsayin mesoteliyoma, sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda har yanzu ba a warkar da ita.

A wancan zamani Kanbera ba ta da gwamnatin kanta, gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da ita kai tsaye. Tun a shekarar da aka fara aikin, 1968, wani masanin lafiyar wuraren aiki mai suna Gersh Major ya rubuta wa hukumomin lafiya na tarayya rahoto, ya ba da shawarar a duba yiwuwar shawo kan Jansen ya bar amfani da asbestos a gidaje, ko ma a hana shi. Ba a hana shi ba. Ya ci gaba da aikinsa fiye da shekara goma, kuma babu dokar da ya karya. Ostareliya ba ta haramta asbestos kwata-kwata ba sai a ranar 31 ga Disamba, 2003.

A 1988 gwamnatin tarayya ta farga. Aka duba gidaje kusan 65,000 da aka gina kafin 1980, aka sami sama da 1,000 da ke ɗauke da abin. Daga 1989 zuwa 1993 aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Iyali su fita, a lulluɓe gidan gaba ɗaya da tantin leda, ma'aikata su shiga cikin rigunan kariya su zuƙe duk abin da ido ya gani kuma hannu ya kai, a fesa gam a jikin katakon rufi, sannan iyali su dawo. Aikin ya ci kusan dalar Ostareliya miliyan 100. A tsakiyarsa, a 1989, yankin babban birnin ya sami gwamnatin kansa, sannan a 1991 gwamnatocin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar raba kuɗin, inda tarayya ta ɗauki kaso mafi tsoka. Kowane gida da aka gama, aka rubuta masa takardar shaidar kammala aikin cire asbestos, aka sa a fayil ɗin ginin.

Abin da injin zuƙa bai kai gare shi ba shi ne cikin bango. Gidajen can yawanci ruɓi biyu ne, bulo a waje, katako da allon filasta a ciki, da sarari a tsakani. Shekara 10 zuwa 20 zaren yana zurarewa ta wannan sarari yana sauka har ƙarƙashin daɓen katako. Hukuma ta san da yiwuwar haka. An rubuta wa masu gidajen bayan kammala aikin, an sake rubuta musu a 2005, cewa akwai yiwuwar saura a bango, a yi hattara wurin gyare-gyare. Sai dai wasiƙa mai gida take bi, ba ta bin gida. Wanda ya karɓa ya jefa a durowa, bayan shekara biyar ya sayar ya tashi, wasiƙar ta tafi tare da shi. Takardar da ta zauna a fayil, wadda sabon mai saye da lauyansa za su gani, ita ce mai cewa an kammala aiki.

Asiri ya tonu ne a unguwar Downer. An gano wani gida da binciken farko ya tsallake, kuma a 2013 aka wargaza shi a hankali, ɓangare-ɓangare. Nan aka ga da ido yadda zaren ya ratsa ko'ina a jikin ginin. Idan haka abin yake a wannan gida, to waɗanda aka zuƙe wa saman silin kaɗai fa? Wasiƙar Fabrairun 2014 daga nan ta samo asali. Gwanaye suka fara shiga gidaje suna ɗaukar samfur, aka riƙa samun zaren a saman kabad ɗin tufafi, a bututun ɗumama ɗaki, a tsagar da ke tsakanin bango da silin a ɗakin yara. Wasu iyalai a ranar suka fita da kayan jikinsu, suka bar katifu da labule da kayan wasan yara, don duk abin da yake na yadi ba a iya tsabtace shi.

Me ya hana a kama wanda ya sayar?

Wanda ya zuba abin ba shi a lissafi. Kafin 2014 ya riga ya rasu, kamfanin kuma ya daɗe da rufewa. Inshorar gida ma ba ta kawo ɗauki ba, don asbestos yana cikin abubuwan da irin wannan inshora kan cire hannunta daga gare su. Saura mai sayarwa, kuma a kansa zuciyar mai saye take fara sauka.

Dokar cinikin gida a Ostareliya gadon Ingila ce, tushenta kuwa shi ne mai saye ya buɗe idonsa. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyen aibin da ya shafi mallakar kanta, misali idan wani yana da haƙƙin wucewa ta cikin filin. Amma aibin da ke jikin ginin, tsagewar bango ne, gara ce, ruɓaɓɓen katako ne, asbestos ne, wannan aikin mai saye ne ya bincika kafin ya sa hannu. Da zarar an biya an miƙa makulli, gida ya zama nasa, da alherinsa da sharrinsa. Ƙofa biyu aka bar masa. Ta farko, idan ya tambaya aka yi masa ƙarya. Ta biyu, idan mai sayarwa ya ɓoye aibin da gangan, kamar wanda ya shafe tsaga da fenti don kada a gani. Shiru kawai, ba tare da tambaya ba, ba kasafai yake zama laifi ba. Akwai dokar kare masu saye da ta hana yaudara, wadda a ƙarƙashinta shiru ma kan iya zama yaudara, amma masu kasuwanci take kamawa. Kotunan ƙasar sun daɗe da cewa iyalin da suka sayar da gidan da suke zaune a ciki ba kasuwanci suke yi ba. Dillali ta kama, mai gida ya kuɓuta.

Kanbera ta ɗan fi sauran wurare tsanani. Dokar da majalisar yankin ta yi a 2003 ta wajabta wa mai sayarwa ya haɗa wa mai saye rahoton duba gini da na gara tun kafin ciniki, daga baya kuma aka ƙara rahoton asbestos idan akwai shi, idan babu a sa takardar gargaɗi ta gama-gari. To amma gwanin duba gini da ido yake aiki, ba ya fasa bango. Ya leƙa saman silin da tocila, ya tarar da wuri fes, tunda an zuƙe shi tun farkon shekarun 1990. Takardar gargaɗin kuwa iri ɗaya ce da wadda ake liƙa wa kowane tsohon gida a garin, ba ta ce wannan gida daban yake ba.

A ɗauki misalin gida guda don a ga yadda zaren alhaki yake tsinkewa. A ce an zuba masa abin a 1972, an kwashe a 1991. Dattijon da ya gina shi ya sayar a 1998. Wanda ya saya ya karɓi wasiƙar 2005, ya sayar a 2007. Na uku ya zauna shekara biyar ya sayar wa wasu ma'aurata masu ƙananan yara a 2012. Maigidan da kansa ya hau saman silin ya ja waya, ya fasa bango ya faɗaɗa kicin. A 2014 wasiƙa ta same su. Wa za su kai ƙara? Da na uku suka yi ciniki, shi kuwa bai taɓa ganin wata wasiƙa ba, takardar da suka gani ita ya gani, ya yarda da ita kamar yadda suka yarda. Na biyu ne ya sani, amma babu wata yarjejeniya tsakaninsa da su. Ko da na ukun ne ya so ya bi na biyu, sai ya kawo hujjar cewa wasiƙar ta isa hannunsa, ya karanta, an tambaye shi ya musa. Ga kuma wa'adin shigar da ƙara, wanda a yankin shekara shida ne a yawancin ƙararrakin farar hula, sai idan an tabbatar da zamba ko ɓoyewa da gangan. Lauya zai ci kuɗi, shekaru su wuce, kuma ko an yi nasara, wanda aka kayar ɗin ɗan fansho ne da ba shi da kuɗin gida guda a ajiye.

Wanda ya tashi da karatun fikihu zai ji wannan ƙa'ida banbaraƙwai. A wurinmu, idan mai saye ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba, yana da haƙƙi a kan mai sayarwa, ko mai sayarwar ya san da aibin ko bai sani ba. Sanin nasa zunubin algus yake ƙara masa. Ni wannan ya fi kwanta mini a rai, don ya ɗora nauyin bayani a kan wanda ya zauna a gidan ya san lungunansa. Amma gaskiya ko da wannan ƙa'ida aka bi a Kanbera, ba za ta fitar da kowa ba. Ma'auratan su koma wa na uku, na uku ya koma wa na biyu, na biyu ya koma wa magadan dattijo, a ƙarshe asarar ta tsaya a kan wani mutum guda da bai fi sauran laifi ba. Dattijon ma abin da aka tallata masa a fili, hukuma tana kallo, shi ya saya.

Bayan Fabrairun 2014 lissafi ya canza. Yanzu babu mai gidan da zai ce bai sani ba, kuma dillalin da ya yi shiru ya san doka za ta hau kansa. Sai gidajen suka zama ba masu saye. Masu gyaran lantarki da famfo suka fara ƙin shiga. Mutum yana biyan banki kowane wata a kan gidan da ba zai iya sayarwa ba, ba zai iya gyarawa ba, wani ma ba zai iya kwana a ciki ba, ga kuɗin hayar inda ya koma. Masu gidajen suka kafa ƙungiya suka matsa wa gwamnati lamba.

Yadda aka raba asarar

A watan Yunin 2014 gwamnatin yankin ta kafa kwamitin ko-ta-kwana a ƙarƙashin Andrew Kefford. Bayan jin ta bakin masana, kwamitin ya yanke cewa babu wata hanya mai inganci, mai yiwuwa, da aljihu zai iya ɗauka, da za a mai da gidajen nan wurin zama lafiya. Rushewa ce kawai. Maganar ta tashi daga kuɗin cire asbestos ta koma kuɗin gidan sukutum.

Babbar ministar yankin a lokacin, Katy Gallagher, ta tunkari gwamnatin tarayya ta firaminista Tony Abbott da hujja biyu: ku kuke mulkin garin lokacin da aka zuba abin, kuma yarjejeniyar 1991 ta ɗora muku kashi biyu cikin uku. Tarayya ta ce a shari'ance babu alhaki a kanta. A ranar 28 ga Oktoba, 2014, ministan ƙwadago Eric Abetz ya sanar da abin da za ta iya: rancen dala biliyan 1 mai sauƙin ruwa, a biya cikin shekara 10. Rance, ba gudummawa ba. Yankin da mutanensa ba su kai 400,000 ba a lokacin shi zai saye gidajen, ya rushe, ya sayar da filayen, abin da ya yi giɓi kuma, wanda aka ƙiyasta tsakanin dala miliyan 300 zuwa 400, ya fito daga baitulmalinsa.

Wannan mataki na tarayya shi ne abin da na kasa haɗiyewa a duk lamarin. A cikin duk waɗanda aka lissafa, mai gida na farko, na biyu, dillali, gwanin duba gini, ɓangare ɗaya, wato gwamnatin tarayya, shi ne kaɗai aka rubuta wa gargaɗi tun 1968, kuma shi kaɗai ke da ikon hanawa da sa hannu guda. Shi ne kuma ya fara aikin kwashewar da ya haifar da takardar da kowa ya dogara da ita. A kotu ana iya kare wannan matsayi, don tabbatar da sakacin hukuma bayan shekara 46 abu ne mai wuyar gaske. Amma ƙarfin hujjar lauya bai sauya tarihin wanda ya sani ya yi shiru ba. Gwamnatin yankin ma ba ta fita fes ba: daga 1993 zuwa 2014 jerin gidajen yana hannunta, tana ganin suna sauya hannu, ba ta sa wata alama a jikinsu da mai saye zai gani ba.

Sharuɗɗan sayen sun nuna inda aka ja layi. A Kanbera ba a mallakar fili kai tsaye, hayar shekara 99 ake karɓa daga gwamnati, kusan yadda takardar mallakar fili take a Najeriya. Don haka abin da mai gida zai yi shi ne ya miƙa hayarsa, a biya shi. Masu ƙiyasi biyu masu zaman kansu za su sa wa gidan kuɗi kamar babu asbestos a cikinsa, a kan farashin ranar 28 ga Oktoba, 2014, a ɗauki matsakaicin. An ƙara da tallafin gaggawa na dala 10,000 ga kowane gida da 2,000 ga kowane yaro, da rangwamen harajin sayen sabon gida. A madadin haka mai gida zai sa hannu cewa ya yafe ƙarar gwamnatocin biyu a kan asarar dukiya. Ƙarar rashin lafiya ba ta cikin abin da aka yafe.

Wanda ke riƙe da gidan a ranar 28 ga Oktoba, 2014, shi aka biya. Wanda ya sayar a 2007 ko 2012 da cikakken farashi ya tafi da kuɗinsa, shirin bai nemi ko sisi daga gare shi ba. Wanda ya saya bayan wasiƙar Fabrairu, kafin sanarwar Oktoba, kuɗin da ya biya aka mayar masa, ba ƙiyasin kasuwa ba, don kada wani ya sayi gida a karye ya ci riba daga bala'in wani. Wannan daidai ne. Amma a juya a dubi wanda ya sayar masa. Tsoro ya kama shi, ya faɗi gaskiya, ya karyar da gidansa, bayan 'yan watanni aka sanar da shirin da zai biya shi cikakken kuɗi da ya jira. Shi ba mai gida ba ne a ranar, shirin sayen bai shafe shi ba. Wanda ya sayar cikin rashin sani ya tsira, wanda ya sayar da gaskiya a mummunan lokaci ya kwana ciki.

Waɗanda aka biya ma tsugune ba ta ƙare musu ba. An daskarar da farashi a Oktoban 2014, kasuwar gidaje kuwa ba ta tsaya ba, ga iyalai ɗaruruwa sun fito neman gida a lokaci guda. An ba su damar ci gaba da zama har tsakiyar 2020 kafin su miƙa, amma kuɗin na 2014 ne. An kuma ba su haƙƙin su fara sayen filinsu bayan an rushe, sai dai a sabon farashi. Gwamnati ta sauya dokar tsara gari ta yadda filin da ya kai murabba'in mita 700 za a iya gina gida biyu a kai a sayar da kowanne daban, don filayen su yi tsada ta rage giɓinta. Dattijuwar da ta shekara 40 a unguwa ɗaya, maƙwabtanta nan, likitanta nan, itatuwan da ta dasa nan, sai ta tarar kuɗin da aka ba ta na gida da fili ba zai sake saya mata filin ya kuma gina mata gida ba. Da yawa haka suka bar unguwanninsu.

Jimillar gidajen da shirin ya ƙunsa ta haura 1,000. An fara rusau a 2015. A cire abin da za a iya cirewa a ciki a ƙarƙashin kariya, a fesa gam a jikin ginin, katafila ta ture shi ana yi masa feshin ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare ƙasar wurin, a kai komai juji na musamman a West Belconnen. Cikin 'yan shekaru aka gama da mafi yawansu, tituna suka cika da giɓi.

Sai a lokacin aka yi abin da ya kamata a yi tun 1993. Daga farkon 2015 aka wajabta liƙa alamar gargaɗi a akwatin mitar lantarkin kowane gida da abin ya shafa, inda mai gyara zai fara buɗewa. A tsakiyar shekarar aka wallafa jerin adireshin gidajen kowa ya gani. 'Yan tsirarun da suka ƙi sayarwa, don shirin na ganin dama ne, an ɗora musu tsarin kula da asbestos da gwani zai riƙa sabuntawa, kuma daga tsakiyar 2020 aka hana sabon mai saye ko sabon ɗan haya tarewa a irin gidan. Bayanin ya koma jikin gidan, ba ya tafiya da wanda ya tashi.

Mr Fluffy bai tsaya a iyakar Kanbera ba. Ya yi aiki a Queanbeyan, garin da ke maƙwabtaka da ita a jihar New South Wales, da wasu garuruwan jihar. Su waɗannan ko kwashewar farko ba su samu ba, don a wata jiha suke. Sai a 2015 jihar ta fito da nata shirin, da gwaji kyauta da saye da rushewa, kuma ta ɗauki darasi guda: ta bar wa mai gida zaɓin ya sayar da ginin kaɗai ya riƙe filinsa. Ta buɗe rajistar gidajen ga jama'a, ta sa bayanin ya riƙa fitowa a takardar ƙaramar hukuma da ake haɗawa da yarjejeniyar ciniki, ta kuma wajabta wa dillali ya faɗa. A can yanzu mai sayarwa ba shi da inda zai ɓoye, mai saye kuma ba zai ce ba a gaya masa ba.

Akwai wani kaso na asarar da ba a iya miƙa wa mai saye tare da makulli. Waɗanda suka sayar tun da wuri, waɗanda doka ta wanke, su ne suka zauna a gidajen a shekarun da abin yake jibge a saman kansu ba a kwashe ba, su da 'ya'yansu. Binciken da Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ta kammala a 2017 ya bi sawun mutum kusan 17,000 da suka taɓa zama a gidajen, ya gano cewa mazan cikinsu sun ninka sauran mazan yankin sau biyu da rabi wurin kamuwa da mesoteliyoma, ko da yake adadin masu cutar kaɗan ne. Wanda ya shaƙi asbestos a wurin aiki yana da hanyar neman diyya daga inshorar ma'aikata. Wanda ya shaƙa a ɗakin kwanansa yana yaro ba shi da kamfanin da zai kama. Sai a 2021, bayan fafutukar wani mutum da ya girma a ɗaya daga cikin gidajen kuma cutar ta kama shi, gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 8, ta yankin ta ƙara irin wannan adadi, aka kafa asusun tallafa wa waɗanda suka kamu da cuta sanadiyyar zama a gidajen. Mutumin ya rasu 'yan kwanaki bayan sanarwar, asusun kuma ya fara karɓar buƙatu a 2022.